Kawu, Injinsa da Kwallin Inna

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, ƙofar gidanmu na Daura ta ga mutanen da ba ta taɓa gani a haɗe ba. Ni ina ciki wurin mata, amma ta zaure ana hango su. Limamin unguwa yana jan addu'a, kusa da shi wani dattijon Bayarabe da ya taso tun daga Kudu yana kuka wiwi, ko ɓoyewa ba ya yi. Ibon nan mai sayar da kayan babur a bakin tasha ya rufe shagonsa yini guda, ya zo ya tsuguna a gefen tabarma. Manoma daga garin Babban Mutum sun zo da laka a ƙafa, don damina ce, ana tsakiyar noma.

A cikin gida kuwa, da an ce "Allah ya ji ƙansa" sai a matso a rage murya a ce, "Wai ni kam, aikin me marigayin yake yi a Kudun nan?" Wata ta ce hoton ƙashi yake ɗauka. Wata ta ce a'a, ma'aikacin wuta ne. Wata tsohuwa ta rantse cewa bom yake haɗa wa gwamnati, shi ya sa ba ya faɗa. Da Kawu yana nan da ya yi dariya har ya share hawaye da hularsa.

Inna, yayarsa, wadda ta haife ni, tana zaune a ƙuryar rumfa da carbi. Ba ta yi kuka ba. Mata suna yi mata gaisuwa suna satar kallonta, domin babu wanda bai san cewa shekara tara ke nan tsakaninta da ƙanenta sai gaisuwa ba. Ni kuma abin da ke cina daban ne. Akwai magana guda da Kawu ya daɗe yana son ji, tana nan a bakina, kuma ya tafi ban gaya masa ba.

Inna ce ta goyi Kawu. Mahaifiyarsu ta rasu yana rarrafe, sai ta ɗaure shi a baya tana yarinya, ta yi daka da shi, ta ɗebo ruwa da shi. Har ya yi furfura ba ta kiransa da komai sai "Ɗan goyo", shi kuma "Yaya". Ni ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyar tasu aka sa mini, don haka Kawu "Uwata" yake ce mini. Inna kuwa, saboda kunyar 'yar fari, "ke" ce kawai sunana a bakinta har yau da nake da 'ya'ya huɗu.

Mutum ne siriri mai saurin tafiya, kuma ba ya ganin abu ya ƙyale. Ƙofa, randa, kankana, kan Autanmu, duk sai ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa ya kasa kunne. Aljihun kaftaninsa cike yake da 'yan ambulan. In ya zo hutu muka je kasuwar Mai'adua, sai ka ga babban mutum ya tsuguna gaban mai kanwa yana roƙon ɗan ɓarɓashi, ya rubuta a jikin ambulan, ya wuce wurin mai gishiri. Ƙasar gona, ruwan rijiya a 'yar kwalba, tokar murhu, ba abin da ya raina. Matarsa takan ce ba ta taɓa wanke rigarsa ba tare da ta zazzage rabin ƙasar Daura daga aljihun ba.

Karin maganarsa ɗaya ce, shi ya ƙirƙiro abarsa: "Kada ki tambayi abu sunansa, Uwata, ƙarya zai yi miki. Ƙwanƙwasa shi ki ji."

Ina aji biyu na sakandare na takura shi ya gaya mini aikinsa. Muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida da la'asar. Ya ce, "Kin san majajjawa?" Na ce wa bai san majajjawa ba, da ita ake korar tsuntsu a gonar gero. Ya ce to shi ma majajjawa yake lura da ita, sai dai tasa ta ƙarfe ce, ta cika ɗaki guda, kuma ba tsakuwa take jifa da ita ba. Wani ɗan mitsitsin abu ne da ke cikin ƙwayar zarra, wanda ido bai taɓa gani ba. Injin yana ingiza shi da ƙarfin lantarki cikin dogon bututu da aka zuƙe wa iska tas, ya yi ta ƙara masa gudu, sannan ya maka shi a jikin abin da ake son bincikawa.

"To in ya buge shi sai me?"

"Sai ya yi kuka. Ba ki ga Yaya in za ta sayi tukunya ba? Ƙwanƙwasawa take yi, ta ji mai tsaga da marar tsaga. Kowane ƙarfe da irin kukansa. Sai dai shi kukan nan haske ne, na'ura ce ke jin sa ta rubuta mana."

Ya ce da irin wannan inji ake gane abin da ke cikin ruwan sha da ƙasar noma, ake sanin ko taki ya lalata gona, ake duba tsofaffin kayan tarihi ba tare da an fasa su ba. Ya ce injin da ake gasa ciwon daji da shi a manyan asibitoci ƙanen injinsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ba ni labarin wani da ya gani a Turai lokacin da aka tura shi ƙaro ilmi, zobe ne a ƙarƙashin ƙasa, in za ka zagaye shi da ƙafa sai ka ci rabin yini. Can ba kanwa suke bugu ba, 'yan mitsi-mitsin abubuwan nan ne suke gwara wa juna kai don su ga da me aka gina duniya. Na ce, "Kawu, ai Allah ne ya gina ta." Ya ce, "Ƙwarai kuwa. Mu leƙen ginin kawai muke yi, mu ce tubarkalla."

Da na je na ba Inna labari, sai ta taɓe baki tana murmushi ta ce, "Ɗan goyo ke nan. Tun yana yaro ba ya barin ƙwarya da murfinta." Amma ranar da zai koma, ita ce ta tashi da sassafe ta kirɓa masa dawo mai yaji, ta ƙulle masa a ƙwarya. Haka take yi kowace tafiya.

Alherinsa da ba na mantawa shi ne wanda ya yi wa Auta. Autanmu Allah ya yi shi da nauyin fahimta. Bai yi magana ba sai da ya shekara biyar, makaranta ta gagara, allo ma ya gagara. Mutane sukan yi masa tsawa ko su yi masa dariya. Kawu ne kaɗai zai zauna da shi yini guda yana koya masa karanta agogo, yau a koya gobe a manta, jibi a sake daga farko, ko tsaki babu. Sai da aka yi hutu uku ana abu ɗaya. Yau Auta magidanci ne da gemunsa, kuma duk unguwarmu shi ake tambaya ko lokacin salla ya yi.

To ga yadda abin ya ɓaci, kuma da hannuna a ciki.

Inna ungozoma ce. Rabin matasan unguwarmu ita ta yanke musu cibi. In ta gama yi wa jariri wanka, sai ta ɗauko tandunta, ta zizara masa kwalli a ido, ta ja masa gira, ta ce yanzu ya zama mutum. Dutsen kwallin da kanta take zaɓo shi a Mai'adua, mai ƙyalli, ta niƙa a kan ɗan dutsen niƙanta. Tana alfahari da shi, tana cewa yaran da ta sa wa kwalli ba sa ciwon ido.

Shekarar da na gama kwalejin horon malamai, Kawu ya aiko in je Kudu in yi musu hutu. A wasiƙar ya ce in taho masa da ɗan gutsuren dutsen kwallin Yaya, kada in tambaye ta. Ni kuwa uwar rawar kai, na ɗauka wasa ne irin nasa na kanwa da gishiri. Na gutsura na ƙulle a bakin zane.

A can na ga injin da idona. Wata ƙatuwar tanka ce kamar ta motar mai, da bututu ya fito daga cikinta ya ratsa bango, da jar fitila a bakin ƙofa wadda in ta kama ba mai shiga. Kwana biyu muna jira, yau babu wuta, gobe ana zuƙe iska. Abokin aikinsa, Bayaraben nan da ya zo gaisuwa, yana ta tsokanata da 'yar Hausarsa. A rana ta uku aka niƙa kwallin Inna, aka danne shi ya zama kamar ƙwayar magani, aka sa a ciki aka rufe. Muka zauna gaban kwamfuta. Wasu 'yan tsaunuka suka fara tasowa a jikin gilashin, sai guda ɗaya ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, ya bar sauran a ƙasa.

Kawu ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce, "Dalma ce, Uwata. Kusan dukkansa dalma ne."

Ya bayyana mini cewa jariri yana murza ido ya tsotsi hannu, hawaye kuma yana gangarawa ta cikin hanci zuwa maƙogwaro, dalmar ta shiga jini ta zauna. Babba yana iya ɗauka, amma ƙwaƙwalwar jariri ɗanya ce. Ranar bai ci abincin rana ba.

Da ya bi ta hankali, ya sami Inna ita kaɗai a ɗaki, wataƙila da ba a kai ga haka ba. Amma Kawu in gaskiya ta cika masa baki ba ya iya jira. Ya iso Daura ranar sunan ɗan wata 'yar'uwarmu, gida cike da mata. Ya yi sallama ya shigo har tsakar gida, ya tarar da Inna da jariri a cinya, tsinken kwalli a hannu. Ya ce, "Yaya, don Allah dakata! Kada ki sa masa."

Shekarun farko na shari'a ne, lokacin da kowa ke auna kowa da sunna, daga gemu har tsawon wando. Nan take wata malamar Islamiyya ta ce, "A'uzubillahi! Kwallin ma da yake sunna boko zai hana?" Kawu ya ce shi bai isa ya hana sunna ba, dutsen da aka ambata a littafi daban ne, wannan na kasuwa kamanninsa kawai ya ɗauka. Mata suka yi caa. Inna ta ce, "Ɗan goyo, da wannan kwallin na buɗe maka ido har ka ga bokon." Aka yi shewa. Shi kuma da ya ga ana neman mayar da maganar wasa, sai ya ɗaga murya ya ce, "Yaya, dalma ce! Tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro, ya tashi ba ya gane komai!"

Auta yana tsaye a bakin rijiya da guga a hannu, yana murmushin ganin Kawu. Wallahi kamar an haɗa baki, duk matan nan suka juya suka dube shi.

Magana zarar bunu ce. Na ga fuskar Kawu lokacin da ya gane abin da ya fito daga bakinsa. Inna ta ɗaga tsinken kwallin. Ta zizara wa jaririn kwallin a ido biyun, ta miƙa shi ga uwarsa, ta shige ɗaki ta saki labule.

Ya dawo da yamma ya durƙusa a bakin ƙofarta, mutum mai furfura. Ya ce bai nufi Auta ba, ya ce ba wanda ya isa ya san dalilin lalurar Auta sai Allah, ko injinsa bai isa ba. Ta ce daga ciki, "Na ji. Allah ya kiyaye hanya." Ya turo liman, liman ya karanta mata hukuncin ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku. Inna ta ce ita ba ta gaba da kowa, in ya yi sallama tana amsawa. Haka kuwa ta yi, shekara tara. "Ina kwana, Yaya." "Lafiya lau." "Ya gida?" "Lafiya lau." Shi ke nan. Ba Ɗan goyo, ba dawo a ƙwarya. Sai ta koma ce masa "Malam", kamar wani baƙon da ya zo sayen akuya.

Bayan shekara biyu aka yi mini aure aka kai ni Baure, kuma da cikin fari ya tsufa na dawo gida haihuwa. Inna ta karɓi 'yata, ta yi mata wanka, ta shafe ta da mai, ta naɗe ta. Ina kwance ina jiran in ga tandu, ina shirya yadda zan hana uwata abin da ta yi shekara arba'in tana yi. Sai ta jiƙa auduga da ruwan ɗumi ta share wa yarinyar ido, ta miƙo mini ita.

Na ce, "Inna, kwallin fa?"

Ta ce, "Na jefa shi a masai tun ranar." Ta ƙara da cewa, "Wanda na sa wa yaron nan a gaban mutane, da aka watse na je na wanke shi da hannuna."

Ashe tun daga ranar ba ta ƙara sa wa ɗan kowa ba. In masu jego sun tambaya sai ta ce hannunta ya fara rawa, tana tsoron tsone wa jariri ido, su ma su bari sai ya yi wayo. Na fashe da kuka na ce bari in aika wa Kawu, zai yi murna. Ta damƙe wuyan hannuna. Ta ce, "Ke! In kika gaya masa ban yafe ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Na tambaye ta dalili. Ta dubi ƙofa, inda ake jin Auta yana raira waƙarsa yana ba tumaki dusa. Ta ce, "In na ce masa ya yi gaskiya, to na ce ni na yi wa wancan haka." Ban taɓa jin muryar Inna ta karye ba sai ranar.

Na riƙe. Shekara bakwai ina riƙe da ita kamar garwashi a tafin hannu.

Da Kawu ya yi ritaya ya dawo Daura, ya sayi 'yar gona a hanyar Babban Mutum. Can ya zama likitan ƙasa ba da niyya ba, manoma suna kawo masa ƙasar gonarsu a leda, yana aika wa tsofaffin abokan aikinsa su buga masa ita a inji, in amsa ta zo ya hau babur ya bi su har gida ya gaya musu abin da gonar ke nema. Bai taɓa karɓar ko zangarniyar gero ba. Amma kullum da safe sai ya biyo ta gidanmu ya yi sallama, ya karɓi "lafiya lau" ɗinsa, ya gyara wa Auta agogo, ya tafi.

Bara da kaka na same shi a gonar, yana zaune a inuwar gawo yana ɓare gyaɗa. Muka yi hira har ta kai mu ga injin. Ya ce ya ji an ce yana nan yana aiki, yara sababbi sun karɓa. Ya ce wani lokaci yakan yi kewar ƙugin nan nasa. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Uwata, Yaya tana sa wa jarirai har yanzu?"

Bakina ya buɗe. Wallahi maganar ta zo har kan harshena. Sai na tuna "ban yafe ba". Na ce, "Kawu, ai ka san Inna."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Na san ta. Shekara talatin ina gaya wa mutanen da ban sani ba abin da ke cikin duwatsunsu, suna godiya. Gidanmu kuwa ban cire tsinke ɗaya daga idon jariri ba, sai yayata da na rasa." Ya miƙo mini gyaɗa. Na karɓa na ci, ina jin ta kamar ƙasa a bakina.

A hanyar komawa Baure na yi wa kaina alkawari cewa da Babbar Salla zan haɗa su a ɗaki ɗaya in faɗa a gabansu, in Inna za ta tsine mini ta tsine. Saura mako uku Salla, ranar wata Alhamis da hantsi, ya faɗi a bakin gonarsa. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Ina kewarsa, ba zan ɓoye ba. Ina kewar "Uwata" daga bakin zaure, da ƙwanƙwasa randa, da yadda yake saurarar tambayar wauta kamar ta malamai. Ina koyar da kimiyya a firamare yanzu, kuma duk ranar da na ɗauki majajjawa na shiga aji yara suna dariya, muryarsa ce ke fita ta bakina. Ya Allah, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa jariran da ya tsare bai sani ba su zame masa hujja ranar da ba wani inji sai ma'auninka.

Ranar addu'ar bakwai, da baƙi suka ragu bayan azahar, na shiga ɗakin Inna in ɗauko tabarmi. Tana zaune a bakin gado. Ta ce, "Ke, rufe ƙofar." Na rufe.

Ta daɗe tana murza carbi ba ta ja. Sannan ta ce, a hankali, "Kin gaya masa, ko?"

Na ce, "Me, Inna?"

"Maganar kwallin. Ai na san ku. Ke da shi ba ku da sirri. Kin gaya masa tun tuni, shi ya sa yake zuwa kullum da safe."

Ta ɗago ta dube ni, kuma ban taɓa ganin roƙo a idon uwata ba sai ranar. Na so in yi mata ƙarya. Amma jinin Kawu ne a jikina, gaskiya ta cika mini baki.

Na ce, "Ban gaya masa ba, Inna. Kin ce ba ki yafe ba."

Carbin ya zame daga hannunta. Ta ce, "Na hana ki zuwa Kudu, kika je. Na hana ki aikin gwamnati, kika yi. Tun kina yarinya ba ki taɓa jin maganata ba. Sai wannan? Sai wannan kaɗai kika ji?"

Ta kifa fuskarta a cinyata, ni 'yar farin da ko sunana ba ta faɗa, ta yi kukan da ta riƙe kwana bakwai. Ba abin da take cewa sai, "Ɗan goyo. Wayyo, Ɗan goyona."